Intalok a Kan Sokawe

 Yau shirinmu na faɗakarwa ba zai yi nisa ba. A tsakar gida zai tsaya, daidai inda ake shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i a sha iska.

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, Kaduna, Zariya ko Katsina a 'yan shekarun nan ya ga yadda tsakar gida ta sauya kama. A da, mata ne ke yin gayya da madaɓai, a baza ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, a yi ta bugu har daɓe ya kwanta sumul. Daga baya siminti ya karɓi aikin. Yanzu kuwa zamanin intalok ne, waɗannan ƙananan bulullukan ja da ruwan toka da ake jerawa suna sarƙe da juna. Ba wanda zai ga laifin mai son su. Suna raba gida da caɓi da damina, suna rage ƙura da hunturu, shara ma ba ta wahala.

Sai dai kusan duk gidan da ke da banɗakin zamani yana da wani rami a cikin wannan farfajiya, wato sokawe. Fulotin birni kuma ba shi da yalwa. Mai ƙafa hamsin da ɗari ana ganin ya more, wani rabin hakan ma ya samu. Bayan an fitar da ɗakuna da kicin da wurin ajiye mota, ɗan filin da ya rage shi ne na shan iska, kuma a nan ramin yake. Shi ya sa magidanta da yawa ke tambayar ko za a iya bi ta kansa da intalok. Masu aikin gini na cewa ana iyawa, amma da sharuɗɗa, kuma galibin ɓarnar da ake gani daga tsallake sharuɗɗan nan take fitowa.

A ɗauki misalin abin da ke faruwa a gidaje da dama. Bikin 'ya ya rage mako uku. Uwargida ta matsa cewa ba za a tara mata dangin miji a kan turɓaya ba. Maigida ya kira birkila, birkila ya auna filin da taku, ya zo kan wani faffaɗan siminti mai ƙaramin murfi a tsakiya, ya ɗan buga shi da ƙafa.

“Alhaji, wannan fa? Sokawe ne a nan.”

“Malam, ka bi ta kansa kawai. Ba na son baƙi su zo suna kallon murfin masai.”

“To Alhaji, in ya cika fa?”

“In ya cika, ma san yadda za a yi.”

A nan aka bar maganar. Aka zuba yashi, aka jera intalok, gida ya yi kyau, biki ya tashi lafiya. Ramin kuwa yana nan a ƙasa yana aikinsa dare da rana, don ba wanda ya sallame shi.

Mene ne aikin nasa? A gidan da aka yi wa ginin ƙa'ida, ramuka biyu ne. Na farko tanki ne da aka shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo. Nan ƙazantar banɗaki ke fara sauka, mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ƙwayoyin halitta su yi ta narkar da abin da za su iya. Ruwan da ke tsakiya shi ne ke bin bututu ya faɗa rami na biyu, wanda shi ne ainihin sokawe. Shi wannan da gangan ake jera bulonsa da 'yan ƙofofi a tsakani, ƙasansa kuma ba a daɓe shi, don ruwa ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa a hankali. A gidaje da yawa rami ɗaya ne ke yin aikin biyun, kuma shi ma sokawe ake ce masa. Ko wanne ne, abu uku yake buƙata daga sama: baki da za a buɗe a yashe shi, hanyar da zai yi numfashi, da kuma kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

A fara da nauyi, don shi ne ke kashe mutum nan take.

Kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Intalok na tsakar gida kaurinsa santimita 6 ne, don haka duk murabba'in mita guda yana kai kimanin kilo 140. Yashin da ake shimfiɗa masa, in ya kai santimita 5, ya ƙara kamar kilo 80. An tashi kilo 220 ke nan, fiye da buhun siminti huɗu a kan wurin da bai wuce shimfiɗar sallaya biyu ba. Murfin ramin da ke da mita biyu faɗi, mita uku tsawo, ya ɗauki kaya sama da buhu 26 kafin ko yaro ya taka shi. Daga nan sai a ga wurin ya yi kyau, a kawo tankin roba mai lita 2,000 a girke a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan biyu, buhu arba'in. Ranar suna mata ashirin su jeru a wurin da kujeru da kulolin abinci. Wata rana ƙanin maigida ya zo da mota, ya ga fili shimfiɗe, ya ajiye tayarsa a kai, don babu wata alama da ta ce masa kada ya yi.

Shi kuwa murfin, wa ya san yadda aka zuba shi? Sau da yawa aikin ƙarshen gini ne, lokacin da aljihu ya riga ya yi sanyi. A tattaro guntayen rodi, a rage siminti, a zuba shi da kauri kamar tafin hannu. Ko da an yi shi da kyau, yana da abokin gaba a ƙarƙashinsa. Iskar da ke tashi daga ƙazanta tana haɗuwa da gumin da ke lulluɓe da cikin murfin, ƙwayoyin halitta su mayar da ita wani ruwa mai cin siminti. Shekara da shekaru yana ɓarɓashe kankaren daga ciki har ya kai ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga abin da ya rage. Daga sama komai lafiya lau. Kafin a yi intalok, aƙalla ana iya ganin tsagar ta fito, a ce wa yara su kauce. Bayan an yi, wannan gargaɗin ma an binne shi.

Abin da ya faru a birnin Indore na ƙasar Indiya ranar 30 ga Maris, 2023, ya isa misali. A wani wurin ibada na mabiya addinin Hindu, an daɗe da rufe wata tsohuwar rijiya mai zurfi da daɓe, aka mayar da wurin tamkar tsakar ɗaki. Ranar wani biki jama'a suka cika wurin, daɓen ya rufta da su cikin ruwa. Mutum 36 suka mutu. Rijiya ce ba sokawe ba, amma kuskuren iri ɗaya ne: rami a ƙasa, shimfiɗa mai kyau a sama, mutane a tsaye ba su san a kan me suke ba. Jami'an kashe gobara na jihohinmu ma ba baƙi ba ne ga kiran ciro mutum ko dabba daga masai da tsohuwar rijiya.

Ba murfin kaɗai ke cin amana ba. Ƙasar da ke kewaye da ramin, wadda aka tona aka mayar lokacin gini, ba ta taɓa komawa da ƙarfinta na asali nan da nan. Ga ta kullum a jiƙe. Ruwa na shiga da fita ta ƙofofin bulo, yana jan rairayi kaɗan-kaɗan zuwa cikin ramin, har a samu kogo a bayan bango. Intalok yana da wata baiwa a nan, don yana tona asirin abin da ke ƙasa ga mai lura. In aka ga layinsa ya lotsa ya zagaye wuri guda kamar bakin ƙwarya, in ruwa ya fara kwanciya a inda da ba ya tsayawa, in yashin tsakaninsa yana ɓacewa ko an ƙara, in aka buga da taɓarya aka ji amo irin na ganga, to ƙasa ce ke magana. Mafi munin abin da za a yi a lokacin shi ne a ɗaga wurin a ƙara yashi a mayar, don an ƙara wa ramin kaya ne kawai.

Sai batun ruwan sama, wanda mutane suka fi raina wa.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita guda lita ɗaya ce. Tsakar gida mai murabba'in mita 100, in aka yi mamakon milimita 40, irin wanda watan Agusta ke saukarwa cikin dare ɗaya, ta tara lita 4,000. Jarka 160 ke nan mai lita 25, kurar 'yan garuwa fiye da goma. Ba a ma sa na indararo ba. Lokacin da filin yake turɓaya, ƙasa ce ke shanye kaso mai yawa, sauran ya bi rariya. Da aka daɓe shi, musamman in an cike tsakanin bulullukan da siminti ko an shimfiɗa su a kan kankare, duk ruwan nan sai ya nemi hanya. In mai aikin bai fitar da gangare ba, ko ya karkatar da shi wajen ramin, sai ruwan ya bi gefen murfi ya cika sokawe cikin awa guda. Wasu ma da hannunsu suke haɗa bututun indararo da shi, wai don kada ruwa ya dami maƙwabta.

Sakamakon sananne ne. Ramin da aka gina don ya sha ruwan wanka da na banɗaki a hankali ya ƙoshi lokaci ɗaya. A ja ruwa a banɗaki ya ƙi tafiya, sai gurnani. Daga nan ya dawo ta maƙwararar wanka. Ƙazantar da ya kamata ta kwanta a tankin farko ta motsu ta wuce rami na biyu, ta toshe ƙofofin da ruwa ke tsiyaya, ramin ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba. Maigida ya yi ta kiran motar kwasa duk wata biyu yana zargin magini, alhali gangaren tsakar gidansa ne ke cinye masa kuɗi.

Gangaren da ake so bai da yawa, kusan santimita ɗaya da rabi a kowace mita. Fili mai tsawon mita goma zai sauka da santimita 15 daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ido ba zai ma lura ba. Ya nufi rariya ko lambatu, ya ba ginin baya, ya kuma ba ramin baya. Sannan saman intalok ya kasance ƙasa da layin da magina ke kira dipisi da kimanin santimita 15. Wanda ya ɗaga tsakar gida har ta kai wannan layi, zai ga gindin bango ya fara jiƙa, fenti yana kumbura yana zuba kamar garin gero.

Kalmar sokawe daga Turanci aka aro ta, amma a Ingila ta fi nufin wani rami dabam, na ruwan sama zalla. Ana tona shi a lambu, a da a cika shi da fasassun duwatsu da bulo, yanzu kuma da wasu akwatunan roba masu ramuka da ake naɗewa da wani yadi mai barin ruwa ya wuce ya tare ƙasa. Ruwan rufin gida ke shiga ciki. Ƙa'idojin gininsu sun ce ya yi nesa da gini da aƙalla mita biyar, don kada ya jiƙa ƙasar da harsashi ke zaune a kai. Su ma can masu gida na fama da tambayar ko za a iya bi ta kan ramin in za su shimfiɗa duwatsun shan iska a bayan gida, kuma amsar masu aikinsu ba ta da nisa da tamu: a tabbata akwai isasshiyar ƙasa a kan akwatunan gwargwadon abin da masu ƙera su suka faɗa, a bar ƙaramin akwatin tare laka da murfinsa a inda hannu zai kai, kada a ɗora gini a kai.

Akwai kuma darasin da suka koya da tsada. A daminar 2007 ambaliya ta shiga dubban gidaje a Ingila, birnin Hull na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawan ruwan ba daga kogi ya zo ba, magudanu ne suka kasa ɗaukar abin da ke gangarowa daga tituna da daɓaɓɓun filaye. Daga 1 ga Oktoba, 2008, doka ta ce duk wanda zai daɓe gaban gidansa fiye da murabba'in mita biyar da abin da ruwa ba ya ratsawa, ba tare da ya tanadi inda ruwan zai nutse a cikin filinsa ba, sai ya nemi izinin hukuma. Wanda ya san yadda lungunanmu ke zama kogi bayan ruwan minti talatin zai gane dalilin. Kowane gida ya daɓe ya turo waje, lambatu kuma cike da leda. Magidancin da ke da fili zai kyauta wa kansa da unguwa in ya tona wa ruwan sama nasa ramin dabam, nesa da gini da kuma ramin banɗaki, ya cike tsakanin intalok da yashi maimakon siminti, ya kuma bar ɗan zirin ƙasa a gindin katanga don zogale ko lalle.

Ko ƙasa za ta sha ruwan kuwa, wannan ya danganta da wuri. Jigawa mai rairayi tana shanyewa kamar soso. Laka irin ta fadama, ko baƙar ƙasar da ke tsattsagewa da rani a yankin Tafkin Chadi, riƙewa take yi. Gwajin bai buƙatar kuɗi: a tona ƙaramin rami mai faɗin ƙafa ɗaya a zurfin da ake so, a cika shi da ruwa a bar shi ya kwana, washegari a sake cikawa a duba. In ya wuni bai ragu da abin kirki ba, wannan ƙasa ba ta sokawe ba ce, sai a nemi shawarar injiniya.

Shirin ba zai wuce batun rijiya ba, don daɓe yana ɓoye yoyo kamar yadda yake ɓoye tsaga. A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya har ya gano cewa galibinsu daga famfon titin Broad suke ɗiban ruwa. Da aka tona daga baya, sai ga wani tsohon ramin masai mai yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba. Yau ƙa'idar Sphere, wadda ƙungiyoyin agaji ke aiki da ita a sansanonin 'yan gudun hijira, ta ce ramin ƙazanta ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ƙasansa kuma ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi. A fulotin ƙafa hamsin wannan tazara ba ta samuwa, gaskiya ke nan. Amma wanda ya san inda raminsa yake zai iya nuna wa mai haƙa burtsatse, zai iya gaya wa maƙwabcin da ke shirin tona rijiya a bayan katanga. Wanda ya shafe shi ya manta, ko ya sayi gidan a shafe, ba shi da abin faɗa.

Wannan matsala ta fi yawa a tsofaffin gidaje na cikin gari. Masai ya cika, an rufe shi an tona wani. An raba gado, an ja katanga, tsakar gida ta zama ɗaki, ɗaki ya zama shago. Tsohuwar da ta san inda kowane rami yake ta rasu. Kafin a shimfiɗa komai a irin wannan gida, ya kamata a tambayi dattawan gidan da na maƙwabta, a kuma bi filin da ƙarfe ana soka ƙasa ana saurare.

To yaya magini na ƙwarai ke yin aikin?

Ba ya fara da yashi. Yana fara da kiran motar kwasa, ko masu sana'ar nan da Kanawa ke kira gidan kowa da akwai, a yashe ramin. Sannan ya buɗe murfi ya bar shi ya sha iska, ya haska cikinsa da tocila daga waje, ko ya zura waya a kan sanda ya ɗauki hoton cikin murfin. Abin da yake nema: rodin da ya fito fili ya yi ja, kankaren da ke ɓarɓashi, bulon da ya goce, saiwar da ta kutso. Dogon yaro da cediya suna jin ƙanshin danshi daga nesa, saiwarsu kuma ba ta jin kunyar bulo. In ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, zai gaya wa maigida gaskiya cewa murfin nan sai an sake shi, ko da ran Alhaji zai ɓaci.

Sabon murfi ana zuba shi da rodi da aka saƙa tsaye da kwance, da kwaɓin da magina suka sani na siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kaurinsa ya kai kamar inci shida, gefunansa su zauna daram a kan bango mai ƙarfi su ɗan zarce shi. Ana ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Mai bikin da ya rage mako uku ya ji wannan da kyau. In kuwa ana son mota ta riƙa hawa, wannan ya wuce ƙiyasin ido, lissafin injiniya ne, kuma mafi sauƙi shi ne a sauya wa motar wuri. Injin daddaɓa ƙasa mai girgiza, wanda ake bi da shi a kan intalok, ba a hawa da shi kan murfin rami. A wurin da hannu ake daidaitawa, da gudumar roba.

Bakin ramin kuma ɗaga shi ake yi, ba binnewa ba. A gina masa wuya da bulo har ya zo daidai da saman intalok. Wanda ba ya son ganin murfi yana da mafita: mai walda zai haɗa masa murfi mai kama da faranti mai zurfi, da firam ɗinsa da hannayen ɗagawa, a yanka intalok a jera a ciki. Baƙo zai taka ya wuce bai sani ba, mai gida kuwa ya san wurin. In tanki da sokawe dabam-dabam ne, kowanne da nasa bakin. Tankin farko ana so a riƙa duba shi duk shekara, a yashe shi duk bayan 'yan shekaru gwargwadon yawan mutanen gida, tun kafin ya kai ga ambaliya.

Bututun numfashi shi ne abin da masu son kwalliya suka fi saurin yankewa, wai yana ɓata tsari. Kada a yarda. A jingina shi da bango, a ɗaga shi ya wuce bakin rufi, a sa masa raga a kai saboda sauro da ƙuda. Iskar da ke taruwa a ramin iri-iri ce. Akwai mai kama wuta, shi ya sa ba a leƙa sokawe da ashana ko taba a baki, ba a kuma girka murhu ko janareta a kan murfinsa. Akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ta fi iska nauyi, take kwanciya a ƙasan rami. Sharrinta shi ne in ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, numfashi kaɗan ya faɗi. Sau da yawa ba mutum ɗaya ake rasawa ba. Na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya diro don ya cece shi, shi ma ya kwanta, na uku ya biyo. In wani ya faɗa, abin yi shi ne a buɗe duk wata kafa don iska ta shiga, a kira 'yan kwana-kwana nan take, a riƙe duk wanda zuciya ta ɗebe shi zai dira ba igiya ba kayan numfashi.

Ramin da aka daina amfani da shi kuwa ba a barinsa da murfi a ce an gama. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A yashe shi, a fasa murfin, a cike shi da ƙasa da tsakuwa hawa-hawa, kowane hawa kamar taƙi ɗaya, ana yayyafa ruwa ana daddaɓawa. Wanda ke da haƙuri ya bari damina ɗaya ta bi ta kansa ya ƙara ciko, sannan ya shimfiɗa. A irin wannan wuri intalok ya fi siminti da tayil, don in ya lotsa ana ɗaga shi a gyara a mayar ba tare da an yi asarar ko guda ba.

Saura abu na ƙarshe da magini mai hankali ke yi kafin ya karɓi cikon kuɗinsa. Yana zagaye iyakar ramin da layin intalok mai launi dabam, ja a cikin ruwan toka, ya zama ado ga baƙo, alama ga 'yan gida. Yana auna nisan murfin daga kusurwa biyu na gini, ya rubuta a takarda da ɗan zane, ya ce wa maigida ya haɗa ta da takardun fili. Hoton da aka ɗauka a waya kafin a rufe, a tura wa babban ɗa da uwargida, don waya na ɓata. Mai gidan haya ya nuna wa duk ɗan hayar da ya shigo. Mai sayar da gida ya nuna wa mai saye, wannan haƙƙi ne.

A koma gidan Alhaji. Shekara biyu bayan biki, tsakiyar Agusta, banɗaki ya fara gurnani. Motar kwasa ta zo ta tsaya a ƙofar gida, an jawo tiyo har tsakar gida, direba yana duba agogo.

“Alhaji, ina bakin yake?”

Alhaji ya tsaya yana kallon fili iri ɗaya daga bango zuwa bango. Ya nuna kusa da famfo. Hajiya daga ƙofar kicin ta ce a'a, ta fi zaton wajen igiyar shanya ne. Birkilan da ya yi aikin ya koma wani gari, lambarsa ba ta shiga. Leburori biyu suka fara ɓamɓare intalok da diga, layi bayan layi, suna tara shi a gindin katanga, yara sun kewaye su suna kallo, ga hadari ya haɗo daga gabas. Sai a wuri na uku diga ta daki siminti, kuma da aka share yashin, tsaga ce ta fara bayyana, daga bakin murfin har gefe, daidai ƙarƙashin inda tankin ruwa yake zaune.

A nan shirin na yau zai dasa aya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a leƙa bayan katanga, a duba yadda maƙwabta za su raba aikin yashe lambatun layinsu kafin ruwa ya sauka.